"White elephant": me Bature yake nufi da farar giwa?

Ummi Gwale: Assalamu alaikum iyaye da malamai na wannan zaure. Don Allah ina neman ƙarin haske. A jaridun Turanci ina yawan cin karo da "white elephant project", musamman in ana maganar filin jirgin sama ko wata katafariyar kasuwa da gwamnati ta gina. Ƙamus ya ce abu ne mai tsada marar amfani. To me ya haɗa giwa da rashin amfani? Mu a nan in an ce wa mutum giwa ai kirari aka yi masa.

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam. Aikin da aka cinye kuɗinsa aka gudu. Shi ke nan, a kawo tambaya ta gaba.

Malam Kabiru: Tsaya Auta, ba mu je ko'ina ba tukuna. Aikin da ɗan kwangila ya karɓi kafin alƙalami ya yi layar zana, wannan "abandoned project" ne, kuma asararsa sau ɗaya ce: an yi, an wuce. "White elephant" kuwa abu ne da yake hannunka, ya ci kuɗi wajen samunsa, yana ci gaba da cin kuɗi wajen riƙonsa, amfanin da yake kawowa bai kai abin da yake ci ba, kuma rabuwa da shi ya gagara, ko don kunya, ko don babu mai saye, ko don tsoron wanda ya ba ka. Cin da ba ya tsayawa, shi ne zuciyar maganar. In ka cire shi, ka cire giwar.

Ɗan Auta: Allah ya gafarta Malam, ai duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Kuɗin talaka ne ya tafi.

Malam Kabiru: A wajen talaka haka ne. A takardar jarrabawa ba haka ba ne.

Yaya Nura: Bari in sa baki kan asalin, tunda harkar kasuwa tana kai ni Bankok. Maganar daga Sayam ta fito, wato ƙasar da aka sauya wa suna zuwa Tailan a 1939, da maƙwabciyarta Bama. Bama ta yaƙin Bama da kakanninmu suka je nake nufi, wadda yanzu ake kira Myanmar, ba ta Borno ba. A addinin Buda akwai labarin cewa mahaifiyar Buda ta yi mafarkin farar giwa mai haure shida kafin ta haife shi, saboda haka mutanen can suna ɗaukar irin wannan giwa a matsayin dabba mai tsarki, alamar cewa mulkin sarki yana da albarka. Ba a sa ta aiki. Sauran giwaye suna jan gungumen itace a daji, ita kuwa tana cikin inuwa, da masu yi mata hidima.

Kuma ba fara ce fat ba, kada ku zaci irin farin alli. Launinta ja-ja ne mai haske, in ta jiƙe sai ta yi kamar ruwan hoda. Akwai masanan fada da suke duba idonta da farcenta da gashinta da cikin bakinta kafin a yarda cewa ta cancanci sunan.

Darajarta a can ba wasa ba ce. Tutar Sayam ta da, farar giwa ce a kan jan ƙyalle, kafin a kawo tutar yanzu a 1917, kuma har yau tana kan tutar sojan ruwansu. Akwai lambar girma ta ƙasa mai sunan farar giwa da Sarki Mongkut ya kafa a 1861.

Ummi Gwale: Yaya Nura, to ta ina rashin amfanin ya shigo, tunda abin alfahari ce?

Yaya Nura: Ta bakin Turawa, ƙanwata. Labarin da suka kai gida shi ne, wai in sarkin Sayam ya so karya wani bafade ba tare da ya zare takobi ba, sai ya yi masa kyautar farar giwa. Ba dama ya ƙi karɓa. Ba dama ya sayar, ba dama ya sa ta aiki, ba dama ya bar ta ta rame. Giwa kuwa tana iya cin kilo 150 na ciyawa da ganye a yini, kuma tana kai shekara 60 a duniya. Sai mutum ya tsiyace yana godiya.

Dokta Hauwa: Labarin yana da daɗi, amma a riƙe shi a matsayin labari. Ni ban gamsu da shi ba. A al'adar Sayam duk farar giwar da aka gano ta sarki ce, kuma da yawansu ake auna girman sarki. Wa zai ɗauki abin da ake auna girmansa da shi ya miƙa wa wanda yake ƙi? Ku duba abin da ya faru a 1563. Sarkin Bama, Bayinnaung, ya aika wa sarkin Ayutthaya, wato daular Sayam ta wancan zamani, Maha Chakkraphat, wanda yake da farare bakwai, cewa ya ba shi biyu. Aka hana shi. Ya taso da runduna, ya ci su da yaƙi a 1564, ya tafi da huɗu. Mutanen da suka yarda a zubar da jini a kan kada su ba da biyu, su ne za su riƙa rabawa don mugunta? Baƙo ne ya ga ana kashe dukiya a kan dabbar da ba ta noma ba ta dako, ya auna da ma'aunin ɗan kasuwa, ya ce asara ce. Karin maganar ya fi gaya mana yadda Bature yake kallon dukiya fiye da yadda mutanen Sayam suke kallon giwa.

Yaya Nura: Ban musa ba Dokta. Su kansu 'yan Tailan in ka ce musu farar giwa tana nufin kayan banza a Turanci, ba sa jin daɗi.

Baba Mai Ritaya: 'Ya'yana, ko an yi ko ba a yi ba, ni na fahimci labarin tun kafin Nura ya ƙarasa, domin muna da irinsa. A da, in basarake ya ji daɗin mutum, yakan ba shi doki. Ranar da aka kawo ingarman, unguwa ta cika, ana ta barka. Washegari sai a fara lissafi: harawa, dusa, dawa, kanwa, turke, rumfa, ga yaron da zai yi masa wanka ya kwashe kashi. Mai gida yana iya kwana da yunwa, amma dokin sarki ba ya kwana da yunwa, don ranar hawan Salla za a duba haƙarƙarinsa. Ka kai shi kasuwa kuwa, kafin ka dawo labari ya isa fada. Amfaninsa hawa biyu ne a shekara. Wanda yake da hali, wannan girma ne. Wanda ba shi da shi, an ɗaura masa dutse a wuya ne da igiyar alharini.

Malam Kabiru: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ummi, ki riƙe misalin nan, ya fi ƙamus.

Ɗan Maraɗi: Mu ma nan Nijar muna da shi cikin Faransanci, "éléphant blanc", kuma ma'anar guda ce. 'Yan jarida suna faɗinsa a kan manyan gine-ginen da aka yi da bashi, aka yi bikin buɗewa, daga nan sai ƙura da jemagu.

Malam Kabiru: Kan tarihin kalmar a Turanci, an same ta da wannan ma'ana a wata wasiƙa ta 1851. Abin da ya ƙara yaɗa ta shi ne wani Ba'amurke mai wasan nuna dabbobi, P. T. Barnum, wanda ya kashe maƙudan kuɗi ya samo farar giwa daga Bama a 1884. Aka fara nuna ta a gidan namun daji na Landan. Jama'a suka yi tururuwa, sai suka tarar da giwa mai ruwan toka da dabbare-dabbaren ruwan hoda. Abokin gasarsa kuwa, Adam Forepaugh, ya samu giwa ta gama-gari ya shafe ta da farin fenti, tasa ta fi ta gaskiyar fari. Ta Barnum ta mutu a gobara a 1887.

Ɗan Auta: Ashe algus ba a Kasuwar Kurmi aka fara shi ba.

Injiniya Sule: Ni inda nake da ja shi ne yadda jaridunmu suke liƙa wa Ajaokuta wannan suna. Duk wanda zai rubuta sharhi a kan kamfanin ƙarfen nan sai ya ce "white elephant". Ban yarda ba. In kuna son farar giwa ta gaske, ku dubi filin jirgin Mirabel na Kanada. An buɗe shi a 1975 da nufin ya zama babbar ƙofar Montreal, aka gina shi nesa da gari, fasinjoji suka ƙi shi, aka daina jigilar fasinja a 2004, aka fara rushe ginin matafiyan a 2014. Ko filin Mattala na Siri Lanka da aka buɗe a 2013 da bashin Sin, wanda rashin jirage ya sa har shinkafa aka taɓa ajiyewa a rumbunansa. Waɗannan an gama su, an buɗe, sai aka ga babu mai buƙata. Ajaokuta fa? Ƙasar da take shigo da ƙarfe daga waje ba za a ce ba ta buƙatar masana'antar ƙarfe ba. An sa hannu da kamfanin Tarayyar Sobiyat a 1979, Shagari ya aza harsashi a 1980, ana cewa aikin ya kai kashi 98 cikin 100 a 1994, amma babbar tukunyar narka tama ba a taɓa hura ta ba. Wannan ba abu marar amfani ba ne, abu ne da aka ƙi ƙarasawa.

Baba Mai Ritaya: Injiniya, yana ci ko ba ya ci?

Injiniya Sule: Yana ci, ranka ya daɗe.

Baba Mai Ritaya: Duk shekara yana cikin kasafi. Ana biyan albashi, ana biyan wuta, ana biyan masu gadi. A 2022 gwamnati ta amince ta biya wani kamfanin Indiya dala miliyan 496 don kawai a kashe rigimar yarjejeniyar da aka soke. Sayarwa ta gagara, rufewa ta gagara, domin duk shugaban da ya rufe shi ya san abin da za a ce. Kowane ɗan takara sai ya je ya shafa bayansa ya yi alkawari. In wannan ba giwar ba ce, to ban san wacce Kabiru ya kwatanta ba.

Injiniya Sule: Baba, da girmanka, bambancin yana nan. Giwar Sayam ko shekara ɗari ka ba ta ba za ta yi noma ba, haka aka tsara ta. Ajaokuta in aka hura shi zai yi. Layin dogon Itakpe zuwa Warri da aka fara a 1987 don ɗaukar tama, shekara nawa ana yi masa dariya? An ƙaddamar da shi a 2020, yau mutane suna hawa.

Baba Mai Ritaya: Mutane suna hawa. Tama aka gina shi ya ɗauka.

Malam Kabiru: Ta fuskar harshe zalla, Baba ya fi kusa. Turanci bai sharɗanta sai an gama abu ba. Otal ɗin Ryugyong na Koriya ta Arewa, mai hawa 105, tun 1987 aka fara shi, bai taɓa karɓar baƙo ba, kuma jaridun Ingila da Amurka suna kiransa da wannan suna. Amma Injiniya ya taɓo wani abu da ya kamata masu koyo su lura da shi. Wannan ba kalmar bayani ba ce, hukunci ce. Wanda ya faɗe ta ya riga ya yanke cewa abin ba zai taɓa biyan kansa ba. Shi ya sa ba za ka ji minista ya kira aikinsa da ita ba, sai aikin wanda ya gada.

Injiniya Sule: Madalla. Kuma hukuncin yakan tashi ƙarya. Dogon benen Empire State na New York an buɗe shi a 1931, ana tsakiyar karyewar tattalin arziki, ofisoshi babu masu haya, har mutane suka juya sunansa suna cewa ginin wofi. Sai a farkon shekarun 1950 ya fara kawo riba. Katafaren zauren Millennium Dome na Landan ma haka, bayan baje kolin shekara ta 2000 ya zauna yana cin kuɗin gadi da gyara, babu irin zagin da bai sha ba. A 2007 aka buɗe shi da sunan O2, yau yana cikin wuraren taron kiɗa da wasanni da suka fi cika a duniya. Tsorona shi ne, in aka daɗe ana kiran abu da wannan suna, sai a saba, ranar da za a sayar da shi a farashin gwangwan babu wanda zai ɗaga murya.

Dokta Hauwa: Misalan da suka farfaɗo kaɗan ne, Injiniya, shi ya sa kowa ya haddace su. Filin wasan Olamfik na Montreal na 1976 sai a 2006 aka gama biyan bashinsa, har da harajin taba sigari aka haɗa, kuma rufinsa bai daina cin kuɗi ba.

Anti Maryam: Ku bar ni da tawa matsalar. Ni fassarar labarai nake yi a rediyo, kuma wannan magana tana zuwa mini a kai a kai. In na ce "farar giwa", mai sauraro a ƙauye zai ɗauka yabo ne, ya ce gwamna ya yi aiki toron giwa. Abokan aikina sukan ce "aikin baban giwa". Ya kuka gani?

Ɗan Auta: Anti ai an gama. Giwa a can, giwa a nan.

Malam Kabiru: Haɗuwar giwayen dace ne kawai, Hajiya. Aikin baban giwa wahalar banza yake nunawa, an sha gumi babu abin nunawa. Yana kallon baya. Na Turancin yana kallon gaba: gobe ma za a biya, jibi ma za a biya. In labarin a kan aikin da aka yi ta yi bai haifar da komai ba ne, aikin baban giwa ya zauna daram. In kuwa a kan ginin da aka gama yake ta laƙume kuɗin gyara ne, bai kamo ba.

Baba Mai Ritaya: Ƙadangaren bakin tulu fa? A kar ka a kar tulu, a bar ka ka ɓata ruwa.

Anti Maryam: Na taɓa gwada shi, Baba. Ya kamo tsaka mai wuyar, amma ya bar tsadar da ƙawar. Ƙadangare ba wanda ya saye shi, ba wanda ya yi bikin buɗe shi. Alaƙaƙai da ƙarfen ƙafa su ma haka, suna nuna abin ya maƙale maka, ba sa nuna cewa da kanka ka yi rawa ranar da aka kawo shi.

Ɗan Maraɗi: Ni a ganina kada a wahalar da kai neman karin magana guda. A faɗi abin kai tsaye: aikin da ke cin kuɗi ba ya kawo ko sisi. Tsohuwa ma za ta gane.

Anti Maryam: Abin da nake yi ke nan yawanci, sai in ƙara da "ya zame wa gwamnati alaƙaƙai" in akwai sarari. Kuma tunda Malam ya ce hukunci ce, dole in faɗi mai hukuncin: "wanda 'yan adawa suka bayyana da cewa". In ba haka ba, gidan rediyon ne ya yi zagin.

Dokta Hauwa: Ƙarin bayani ga masu niyyar zuwa Amurka. A nan, wajen Kirsimeti, in abokan aiki suka gayyace ka "white elephant", ba maganar kwangila ba ce. Wasan musayar kyauta ne. Kowa ya naɗo wani ɗan abu mai araha, galibi na ban dariya, a tara, a riƙa ɗauka bi da bi, kuma wanda layi ya zo kansa yana iya ƙwace na hannun wani maimakon ya buɗe sabo. Akan faɗi iyakar kuɗin da za a kashe. Kada mutum ya ji giwa ya je ya sayo agogo mai tsada. A Ingila kuma, a bikin tara kuɗi na makaranta ko na coci, akan kafa teburin "white elephant", inda ake sayar da tarkacen da mutane suka gaji da ajiyewa a gida. A wannan amfani tsadar ta faɗi, abin da ya rage shi ne kayan da mai shi yake neman hanyar rabuwa da su.

Ummi Gwale: Na gode Dokta. Akwai wata kuma da nake ji, "the elephant in the room". Ɗaya suke?

Malam Kabiru: Ko kusa. Waccan babbar matsala ce da kowa a wurin yake gani amma kowa ya yi gum, kamar a taron dangi a yi ta hira a kan farashin masara alhali maganar gado ce ta tara mutane. Ba ta da alaƙa da kuɗi ko kyauta. Ɗalibai suna yawan cakuɗa su.

Ɗan Auta: Malam, ɗan ƙwallon da kulob ya saya da tsada, yana karɓar albashi duk mako, kullum yana jinya, babu mai sayensa. Zan iya kiransa haka?

Malam Kabiru: Za ka iya, marubutan wasanni suna yi, kuma dukkan sharuɗɗan sun cika. Amma ka sani in aka ɗora ta a kan mutum, cin mutunci ce, don ka mayar da shi kaya. Asalin wurinta gine-gine ne, da injuna, da motoci, da ayyukan gwamnati. Kada in ji ka faɗa wa wani a gida.

Ɗan Auta: Ni da wani kawuna na so in gwada.

Baba Mai Ritaya: Kai yaro, ka kiyayi kanka.

Ummi Gwale: Malam ga jimlata, a duba mini: "The new stadium is white elephant because the contractor ran away."

Malam Kabiru: Gyara biyu, Ummi. Na farko, suna ne da ake ƙirgawa, dole ki sa "a" a gabansa, in jam'i ne kuma ki ce "white elephants". Na biyu, dalilin da kika kawo na Auta ne, gudun ɗan kwangila. Ba ni dalilin da ya shafi riƙo. Kuma ya fi daɗin ji da "become" ko "turn into", domin ba a gina abu da niyyar ya zama haka, daga baya yake zama.

Ummi Gwale: "The new stadium has become a white elephant because it hosts only two matches a year and costs millions to maintain."

Malam Kabiru: Wannan ta yi. Sauran ɗalibai kowa ya kawo tasa kafin la'asar, amma ban da filin wasa da filin jirgi, an riga an cinye su.

Injiniya Sule: Ban da Ajaokuta kuma.

Baba Mai Ritaya: Wannan kuma Kabiru ne mai aji, ba kai ba.